Golf mai dizal

Golf mai dizal ƙaramar mota ce ƙirar kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus, wadda injinta ke shan man dizal maimakon fetur. Tana cikin gajerun motocin da ba su da but na daban, sai ƙofa ɗaya a baya da ake ɗagawa sama tare da gilashinta, ta yadda wurin kaya da kujerun fasinja suke a haɗe. A arewacin Najeriya an fi sanin samfuri na biyu da na uku, waɗanda ake kira Golf 2 da Golf 3. An daina ƙera su tun kafin shekarar 2000, amma har yanzu ana haya da su, ana kuma ɗaukar amfanin gona da su a ƙananan hukumomin da ke kewaye da birnin Kano, ciki har da Gezawa. Yawancin waɗanda ke kan hanya masu fetur ne. Masu dizal kaɗan ne, kuma kulawar da suke buƙata ta bambanta sosai da ta masu fetur.

Suna

Kalmar dizal ta samo asali daga sunan injiniyan Jamus Rudolf Diesel, wanda injinsa ya fara aiki yadda ake so a shekarar 1897. A bakin direbobin Kano an fi cewa "gas", kalmar da kan rikitar da baƙo domin da ita ake kiran iskar girki. Hausawan Nijar kuwa daga Faransanci suka aro tasu, suna cewa "gazuwal". Kusan duk sunayen sassan mota aro ne da Hausa ta gyara wa zama: lagireto, salansa, totur, fambel, nozul. Kalmar bakanike ma haka take. Da "m" ta fara a harshen da aka aro ta, amma masu magana suka mayar da farkonta "ba-" irin na Bahaushe da Bakano, kodayake akwai masu cewa makanike.

Tarihi

Golf ta farko ta fito a 1974, kuma a 1976 aka sa mata injin dizal mai lita 1.5 da ƙarfin doki 50. A lokacin ba a saba ganin dizal a ƙaramar mota irin wannan ba. Daga baya aka faɗaɗa injin zuwa lita 1.6 mai doki 54, sannan a 1982 aka fitar da mai turbo, mai doki 70. Golf 2 (1983 zuwa 1992) ta gaji waɗannan injina biyu. Golf 3, wadda aka fara sayarwa a 1991, ta zo da lita 1.9: marar turbo mai doki 64, mai turbo mai doki 75, sai kuma TDI mai doki 90 da aka ƙaro a 1993, wanda kwamfuta ke sarrafa famfon mansa.

Waɗannan motoci sun shigo Najeriya ne bayan sun gama aiki a Turai, akasari ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Jamhuriyar Benin, shi ya sa ake ce wa irinsu 'yan Kwatano. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017. Abin da ya hana masu dizal yawaita shi ne farashi. An cire tallafin dizal tun 2003, fetur kuwa ya ci gaba da samun tallafi har 29 ga Mayu 2023. Tsawon waɗannan shekaru ashirin, duk da cewa Golf mai dizal kan sha lita 5 zuwa 6 a kilomita 100, wato ƙasa da abin da mai fetur ke sha, arahar fetur kan cinye wannan riba.

Yanayin aiki a Gezawa

Gezawa tana arewa maso gabashin birnin Kano, a kan hanyar da ta fito ta Yankaba, ta bi ta Jogana, ta wuce Jihar Jigawa. Yanki ne mai cunkoson ƙauyuka da gonaki, kusan babu fili da ba a nomawa. Mota a nan ba ta tsayawa a kan kwalta. Takan sauka hanyoyin burji da na rairayi, ta ɗauki gero, dawa, gyaɗa ko taki, ta tsaya ta tashi sau da yawa a ɗan gajeren zango. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, a Afrilu zafi kan haura digiri 40, da damina kuma taɓo da kududdufi. Littafin da kamfani ya rubuta wa motar yanayin Turai ya duba, don haka bin lissafinsa kai tsaye a nan kuskure ne. Ga direban da motar ce abincin gidansa, bugawar inji na nufin makonni babu aiki, da kuɗin gyara da zai iya kusantar darajar motar kanta.

Yadda injin yake aiki

Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi kuma ba shi da kafireto. Fistin ne ke matse iska zalla har ta yi zafi sosai, sai nozul ya fesa mai a cikinta, ya kama da kansa. A tsofaffin injinan Golf ana matse iskar kusan ninki 23, fiye da biyun abin da injin fetur ke yi. Famfon mai, ƙirar Bosch, shi ke auna yawan man da lokacin fesa shi ga silinda huɗu. Akwai kuma hita guda huɗu da ke ɗumama cikin injin kafin a tayar da shi da safe. Daga nan za a gane cewa ƙarfin motar ya dogara ga abu uku: iska mai yawa kuma mai tsabta, mai mai tsabta da aka fesa a kan lokaci, da matsi mai kyau a cikin silinda. Duk wata kulawa tana komawa ga ɗayansu.

Kulawa

Matatar iska ita ce ta farko. Ƙurar da ta wuce ta kan goge ringi da bangon silinda kamar yashi, matsi ya ragu, motar ta fara wuyar tashi da shan baƙin mai. A hunturu ya dace a duba ta kowane mako. Busa ta da iskar mai faci yana taimakawa sau ɗaya ko biyu, in daga ciki aka busa zuwa waje kuma ba da ƙarfi ba, amma takardar da ta huje ba ta da gyara. Wasu kan cire matatar gaba ɗaya da sunan bai wa inji numfashi. A hanyar Gezawa wannan hanya ce mafi sauri ta kashe shi.

Sai mai. Famfon wannan mota ba shi da baƙin mai nasa, dizal ɗin da ke ratsa shi ne ke hana ƙarafansa cin juna. Man da aka gauraya da kananzir ba shi da wannan santsi, ruwa kuma yana sa tsatsa a ciki. Shi ya sa sayen gas a jarka daga hannun 'yan bumburutu ya fi haɗari ga wannan mota fiye da mai fetur. A ƙarƙashin matatar mai akwai ɗan maɓalli da ake kwancewa a tsiyaye ruwan da ya taru, aikin minti biyu ne da direbobi da yawa ba su san da shi ba. Idan tanki ya ƙare ƙaf, iska kan shiga layin mai, sai an fitar da ita kafin motar ta tashi.

Baƙin mai a injin dizal yakan yi baƙi ƙirin cikin 'yan kwanaki saboda kunkunniya, don haka launinsa ba ya nuna ko ya mutu. Kilomita ake ƙirgawa. A irin wannan yanayi masu gyara kan ba da shawarar juye a kowane kilomita 5,000, da mai na injin dizal irin 15W-40, kusan lita huɗu da rabi, tare da sabuwar filta. Akwai dalili na biyu na gaggauta juye, wato sinadarin farar wuta da ke cikin dizal, wanda ke komawa asid a cikin baƙin mai. A 2016, lokacin da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Switzerland ta fitar da rahoto kan man da ake sayar wa Afirka ta Yamma, dokar Najeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan na wannan sinadari, alhali ƙa'idar Turai kashi 10 ce.

Zafi shi ne babban raunin injin. Gangar jikinsa ƙarfe ce, kansa kuma alminiyam, kuma ba sa buɗewa daidai idan sun yi zafi. Tafasa guda ɗaya mai tsanani na iya ƙona gasket ko ta lanƙwasa kan injin, wani lokaci har ya tsage tsakanin bawul da bawul. Ruwan rijiya yana barin gasari a cikin lagireto yana toshe shi a hankali, ga kuma ƙaiƙayi da ƙura da ke cika fuskarsa daga waje lokacin kaka. Al'adar cire tamostat ta zama ruwan dare a garejojin Najeriya. Tana ɓoye matsalar lagireto ne kawai, kuma injin da ke aiki a sanyaye ya fi shan mai da hayaƙi. In har an buɗe kan inji, gasket ɗinsa kauri uku ne, ana gane su da yawan alamun da ke gefe, kuma ana zaɓa gwargwadon yadda fistin ke leƙowa sama. Sa wanda bai dace ba na ɗaya daga cikin dalilan da ke sa motar da aka gyara ta dawo gareji bayan wata guda.

Taimin bel shi ne abin da ba ya ba da sanarwa. Bel ne na roba mai haƙora da ke juya sandar bawuloli da famfon mai tare. Ranar da ya tsinke, fistin kan doki bawuloli, injin ya tsaya nan take da ɓarna mai yawa. Akan canza shi tsakanin kilomita 60,000 zuwa 90,000, ko bayan shekara huɗu zuwa biyar, tare da abin da ke ɗaure shi. Tun da mitar yawancin tsofaffin motoci ta daɗe da mutuwa, wanda ya sayi irin wannan mota ya fi masa ya canza shi nan da nan, ya rubuta ranar.

Birki ma yana da nasa bambanci. A mota mai fetur injin ne da kansa ke samar da zuƙon da ke tausasa birki, a mai dizal kuwa wani ɗan famfo ne na daban. Idan ya lalace ko tiyonsa ya fashe, feda kan yi tauri, mota mai lodi ta ƙi tsayawa a kan lokaci.

Hayaƙi

Bakanike mai ƙwarewa kan fara da kallon salansa. Baƙin hayaƙi na nuna mai ya fi iska yawa: matata ta toshe, nozul ya lalace, ko an buɗe famfo fiye da kima. Fari da safe, mai warin ɗanyen gas, yawanci hita ce ta mutu ko lokacin fesa mai ya yi baya. Farin da ba ya yankewa, tare da raguwar ruwan lagireto, alamar gasket ce. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa.

Na ƙarshen yana da haɗari na musamman. Injin da ringinsa ya cinye, ko turbonsa ke yoyo, yana iya fara zuƙar baƙin mansa yana ƙonawa a madadin dizal. Sai ya ɗauki gudu da kansa, ko an kashe makulli ba zai mutu ba. Abin yi shi ne a taka birki sosai, a sa babbar giya, a saki kuloci don injin ya shaƙe.

Ƙara ƙarfi

Mafi yawan abin da ake kira ƙara wa tsohuwar mota ƙarfi, a gaskiya dawo da wanda ta rasa ne. Inji mai doki 54 da ya yi shekara talatin da toshewar matata, tsofaffin nozul da lokacin famfo da ya goce ba ya ba da abin da ya fito da shi. Ana gwada nozul a kan na'ura a ga yadda yake fesawa da matsin da yake buɗewa, wanda a inji mai lita 1.6 ya kai ba 130 ga marar turbo, 155 ga mai turbo. Ana saita lokacin famfo da agogon awo, ba da kunne ba. A samfuran farko, kafin a koma bawuloli masu saita kansu a tsakiyar shekarun 1980, ana gyara tazarar bawul da hannu. A TDI kuma kunkunniya kan cika bututun shigar iska har ya ƙuntata, wanke shi kaɗai na dawo da ja sosai. Birkin da ke riƙe ƙafa, tayar da ba ta da isasshiyar iska da salansar da ta lotsa duk suna cin ƙarfi a ɓoye.

Hanyar da ta fi shahara ita ce murɗa sukurun mai da ke jikin famfo. Direba kan ji motar ta ƙara tashi, amma a inji marar turbo iskar ba ta ƙaru ba, don haka yawancin ƙarin man hayaƙi yake zama, zafin cikin silinda ya hau, kan inji da fistin su biya bashin. A mai turbo akwai ɗan sarari, musamman in an ƙara abin sanyaya iska tsakanin turbo da inji, kamar yadda kamfanin ya yi wa wata Golf 2 a 1989 ta kai doki 80. Ɗaura turbo a kan injin da ba a yi shi domin haka ba kuwa caca ce, saboda injin turbo na asali yana da fistin mafi ƙarfi da ƙananan bututu da ke fesa masa baƙin mai daga ƙasa don sanyaya shi. Wanda yake son ƙarfin turbo ya fi masa sauƙi ya nemi cikakken inji. Mai turbo kuma a bar shi ya yi silo na minti ɗaya ko biyu bayan doguwar tafiya kafin a kashe.

Kayan gyara

Masu motoci daga Gezawa kan shiga birnin Kano neman kaya, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake samun sababbi da na hannu da aka ciro daga motocin Turai. Kayan ƙafa, bodi, gilasai da fitilu ɗaya ne da na Golf mai fetur, don haka ba sa wuya. Famfon mai, nozul, hita da kan inji su ne ke wahalar samu, kuma gyaran famfo sana'a ce ta daban, ta masu aikin manyan motoci, taraktoci da janareto. Injin lita 1.6 da 1.9 an sa su a Jetta, Vento, Passat da Audi 80, saboda haka sassa da yawa na waɗannan motoci suna shiga Golf. Lambar inji, haruffa biyu ko uku da aka buga a jikinsa kamar 1Y, AAZ ko 1Z, ita ake faɗa wa mai shago, domin injina biyu masu lita ɗaya na iya bambanta a famfo da nozul.