Eureka: Rumbun Dabarun Masu Gyaran Injinan Xerox

Eureka rumbun bayanai ne da kamfanin Xerox na Amurka ya kafa domin masu gyaran injinan fotokwafinsa su riƙa ajiye dabarun da suka gano a bakin aiki. Wasu marubuta kan ce an fara shi a 1996, amma wannan shekarar yaɗuwarsa ce a Faransa. An yi gwajin farko tun 1994.

Tushensa ya ma girmi haka. A shekarun 1980, Julian Orr, masanin halayyar al'umma a cibiyar binciken kamfanin da ke Palo Alto, ya riƙa bin masu gyara zuwa wuraren aikinsu. Kamfani ya ba su kundin umarni: inji ya nuna lamba kaza, ka bi matakai kaza. To amma inji kan tsufa, kowanne da halinsa, kuma matsalar da ta fi ci musu tuwo a ƙwarya ba ta cikin kundin. Orr ya lura cewa a wajen karin kumallo da shan kofi ake warware ta, inda kowa ke ba da labarin injin da ya wahalar da shi da yadda ya shawo kansa. Hirar da ake ɗauka ɓata lokaci ce, ashe ita ce makarantar. Ya bayyana wannan a littafinsa Talking About Machines na 1996.

Da farko Daniel Bobrow, wani mai bincike a cibiyar, da abokan aikinsa manhajar gano matsala suka ƙera, sai masu gyara suka nuna musu cewa abin da ta sani su ma sun sani. Daga nan aka juya akala. Mai gyara zai rubuta dabararsa, ƙwararru daga cikin 'yan'uwansa su tantance, sannan a saka ta a rumbun ɗauke da sunansa. Wannan sunan, ba ladan kuɗi ba, shi ya ja mutane. A Faransa ta hanyar tsarin sadarwar Minitel aka yaɗa Eureka, kafin intanet ta game gari.

Labarin da aka fi ambato shi ne na wani mai gyara a Brazil da ke shirin canza inji na kusan dala 40,000, sai ya ci karo, a cikin Eureka, da shawarar takwaransa na Montreal a Kanada, ya canza wani ɗan ƙaramin abu da bai kai dala ɗaya ba. Wasu sun ce fis ne, wasu mahaɗin waya.

Bayan Faransa, tsarin ya shiga Kanada, sannan Amurka.