Daga Boston Zuwa Kudai: Yadda "Oke" Ta Zama Kalmar Kowa

Da an sallame sallar isha'i a Harami, tashar motocin Kudai takan cika maƙil. Unguwar tana kudu da masallacin, gaba da Misfala, kuma manyan motoci kan yi ta fitowa daga ramin da aka fafe cikin dutse, suna sauke alhazai suna kwasar wasu. Direba wataƙila Bamisire ne ko ɗan Pakistan. Fasinjoji kuwa ga 'yan Indonesiya, ga Turkawa, ga Hausawan Kano da na Maraɗi. Wata hajiya ta ɗaga katin masaukinta da ke rataye a wuya, direba ya leƙo ya duba lamba, ya gyaɗa kai ya ce, "Oke." Ba ta jin Larabcinsa, shi ma ko "sannu" bai sani ba, amma ta kama ƙarfe ta hau, hankalinta kwance.

A Hajjin 2024 mutum fiye da miliyan 1.8 ne suka taru a Makka, kowa da harshensa, kowane harshe kuma da kalmomin yardarsa. Balarabe yana da "ɗayyib" da "tamam" da "mashi". Bahaushe yana da "to" da "shi ke nan" da "ba laifi". Amma idan baƙo ya gamu da baƙo, sau da yawa wannan 'yar kalma ta Turanci ce ke raba gardama, alhali ko shekara 200 ba ta cika ba a duniya.

An san ranar da ta fara fitowa a rubuce: 23 ga Maris, 1839, a jaridar Boston Morning Post ta Amurka, wadda Charles Gordon Greene ke wa edita. A lokacin wani yayi ya kama samarin 'yan boko na Boston, na taƙaita magana zuwa haruffan farko, har ma su karkata rubutun da gangan don raha. Maganar "all correct", wato komai daidai, sai suka riƙa rubuta ta "oll korrect", suka ciro O da K. Irinta suna da yawa a wancan zamani, duk sun mutu tare da yayin. Ita kaɗai ta tsira, kuma siyasa ce ta cece ta.

A 1840 Shugaba Martin Van Buren ya nemi zarcewa. Mutumin garin Kinderhook ne a jihar New York, ana masa laƙabi da "Old Kinderhook", haruffan farko na laƙabin kuma suka zo daidai da na rahar Boston. Magoya bayansa suka kafa ƙungiya mai suna O.K. Club. 'Yan hamayya ba su bari ta wuce ba: suka baza labarin cewa ubangidansa na siyasa, tsohon shugaba Andrew Jackson, bai iya rubutu ba, shi ya sa yake sa O.K. a kan takardun da ya amince da su. Labarin ƙage ne, Van Buren kuma ya sha kaye a hannun William Henry Harrison. Sai dai ƙagen ya bar wani abu da ya ɗore, domin daga nan mutane suka fara kallon haruffan biyu a matsayin abin da ake rubutawa a gefen takarda idan an duba ta an ga babu gyara.

Bayan shekara huɗu, a 1844, Samuel Morse ya aika saƙon tangarahu daga Washington zuwa Baltimore. A wannan sana'a kowane harafi lokaci ne, lokaci kuma kuɗi, don haka masu buga waya suka rungumi O.K. a matsayin shaidar cewa saƙo ya iso lafiya. Ma'aikatan jirgin ƙasa suka ɗauka, 'yan kasuwa suka bi.

Da kalmar ta yi ƙarfi aka manta da rahar da ta haife ta, sai kowa ya shiga nema mata asali mai daraja. Shugaba Woodrow Wilson ya yarda cewa daga harshen Choctaw na Indiyawan Amurka ta fito, shi ya sa yake rubuta "okeh" a kan takardun ofis. Wani masanin harsunan Afirka, David Dalby, ya kawo ra'ayin cewa bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka tafi da ita, yana kafa hujja da "waw kay" na Wolof da makamancinta a harshen Mandinka. Wannan ra'ayi yana da daɗin ji ga ɗan Afirka, kuma ba abin rainawa ba ne, tunda bakin bayi ya bar alamu da dama a Turancin Amurka. Amma hujjar da ke rubuce tana hannun Allen Walker Read na Jami'ar Columbia, wanda ya tone tsofaffin jaridu ya buga sakamakonsa a mujallar American Speech a 1963 da 1964. Har yau yawancin masu ƙamus a kan bincikensa suke tsaye.

Me ya sa ta fi 'yan uwanta yaɗuwa? Sauƙin faɗi yana ciki, don yawancin harsuna suna da sautin "o" da "k" da "e". Babban dalilin dai yana cikin ma'anarta. Turanci yana da kalmomin yabo irin su "good" da "excellent", waɗanda ke ɗaukar nauyin "da kyau" da "madalla". "Oke" ba ta yabo. Iyakarta ta ce abu ya isa, a wuce gaba. Shi ya sa take dacewa da wurin aiki, inda ba a buƙatar sanin abin da ke zuciyar mutum, amsarsa kawai ake jira. Shi ya sa kuma wanda ya kawo aikin da ya kwana yana yi, aka ce masa "oke" kurum, yakan koma jiki a sanyaye. Injiniyoyin kamfanin Apple sun gane wannan hali nata a farkon shekarun 1980, sa'ad da suke gwajin kwamfutarsu mai suna Lisa. Maɓallin amincewa da farko an rubuta masa "Do It", sai wani mai gwaji ya karanta shi "dolt", wato wawa, ya fusata. Aka sauya shi da OK, kuma tun daga nan kusan duk na'urar da mutum ya taɓa sai ta nemi ya danna waɗannan haruffa.

Turanci ya shigo ƙasar Hausa da ƙarfinsa bayan 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato. Makarantar Ɗan Hausa ta buɗe a unguwar Nasarawa ta Kano a 1909, layin dogo ya iso Kano a 1911, bariki da ofisoshin En'e suka cika da sababbin kalmomi. "Yasa" ta soja da masinja daga can take, haka ma "fas" ta 'yan makaranta. "Oke" kuwa ta daɗe a bakin 'yan boko da direbobi, amma ba ta ratsa gidaje sosai ba sai da wayar salula ta zo Najeriya a 2001. Saƙon tes yana da iyakar haruffa, ga tsada, sai haruffa biyu suka wadatar.

Duk da haka ba ta ture "to" ba, kuma da wuya ta iya. "To" guda ɗaya tana iya zama yarda, ko gargaɗi, ko mamaki, ko sallama, gwargwadon yadda aka ja ta. Akwai kuma wuraren da "oke" ba ta da izinin shiga. Yaron da mahaifinsa ya kira shi "na'am" zai ce, idan an ba shi umarni ya ce "to, Baba". Wanda ya amsa wa dattijo da "oke" ya jawo wa iyayensa magana. A wajen ɗaurin aure ma ba a taɓa jin wakilin ango ya karɓa da ita ba, "na karɓa" ake cewa a gaban shaidu.

A Saudiyya hanyarta daban ce. Amurkawa sun haƙo mai a Dammam a 1938, sannan arzikin shekarun 1970 ya jawo miliyoyin ma'aikata daga Indiya da Pakistan da Filifin, aka sami wani Larabcin aiki mai gauraye da Turanci. Hausawan Makka sun riga wannan duka, domin kakannin wasunsu a ƙasa suka taka ta Sudan, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903. Jikokinsu da ke sayar da abinci ko tura keken marasa ƙarfi a Misfala da Kudai sukan haɗa harsuna uku a numfashi ɗaya: "To, khalas, oke."

Akwai wata kalmar yarda ta Turanci da ba ta da wasa ko kaɗan, wato "approved". Daga Latin ta fito ta hanyar Faransanci, asalinta kuma gwada abu a tabbatar da ingancinsa. Ita ce mai POS yake jira ta fito a 'yar takarda kafin ya ƙirga kuɗi, ita ce maniyyaci yake jira a kan bizarsa. Bambancinta da "oke" shi ne hukuma ce ke tsaye a bayanta, kuma a Makka wannan bambanci ya kai ga rai. Dillalai da yawa sukan ce wa mutum komai oke, ya taho da bizar ziyara, za a san yadda za a yi. Askarawan da ke shingayen shiga gari kuwa tasrihi, wato izinin aikin Hajji, suke tambaya, da katin Nusuk da aka wajabta wa kowane alhaji tun 2024. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, kuma ministan lafiya na Saudiyya, Fahd al-Jalajel, ya sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin aikin Hajji, don haka ba su da tanti mai sanyi a Mina da Arfa, ba su da motar hukuma. A 2025 aka ninka tarar yin Hajji ba tasrihi daga riyal 10,000 zuwa 20,000.