Yadda Ake Haɗa Pawa Saflai Mai Ƙarawa da Ragewa da LM317

Duk wanda ya taɓa zama a teburin gyaran rediyo, fitilar caji, lasifika ko ƙaramar fanka ya san matsalar nan: yau kana neman bolt 3, gobe 5, jibi 9 ko 12. Sai ka tara caja iri-iri da batura a cikin kwali, ƙarshenta wata rana ka jona wadda ba ita ba, ka ƙona kayan mutane. Maganin wannan shi ne pawa saflai mai ƙarawa da ragewa, wato na'urar da ke karɓar wutar NEPA ta mayar da ita wutar DC, kai kuma ka murɗa ka tsayar da ita a ƙarfin da kake so, ta kuma tsaya a nan ba ta rawa.

Matasanmu da ke koyon gyara a Agege, Idi-Araba, Sabon Badun, Shagamu ko Fatakwal za su iya haɗa irinta da hannunsu. Haɗin ba shi da wuya. Abin da ke kashe ta abu uku ne: zafi, kuskuren ƙafa, da sakaci a ɓangaren wutar NEPA.

Yadda take aiki

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce ta AC, mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Kafin ta zama abin da ƙananan na'urori za su iya sha, sai ta bi matakai huɗu. Taransifoma ta rage ƙarfinta. Diyod huɗu, waɗanda ake kira birij, su sa ta riƙa tafiya ɓangare ɗaya. Babbar kafasita ta cike gibin da ke tsakanin tashi da faɗuwarta. Sannan regileta ta daidaita ta.

Regiletar da aka fi amfani da ita ita ce LM317. Injiniya Robert Dobkin ne ya tsara ta a kamfanin National Semiconductor na Amurka a 1976, kuma har yau kamfanoni da dama na ƙera ta. Tana iya ba da daga bolt 1.25 zuwa 37, da amfiya har 1.5, tana kuma rage wuta da kanta idan zafi ya yi mata yawa ko wayoyin fita suka haɗu.

Kayan da za ka saya

Wannan lissafin na mai ba da bolt 1.25 zuwa kusan 12.6 ne, da amfiya 1:

- Taransifoma 230V zuwa 15V, 2A
- Diyod 1N5408 guda 4, ko birij haɗaɗɗe na 3A
- Kafasita 4700µF, 35V
- LM317T da babban ƙarfen sanyayawa, wanda masu gyara ke cewa hitsink
- Rezista om 220 guda 1, da 2.2k guda 1
- Rezista mai murɗawa ta 2k, wadda ake kira bolum a kasuwa
- Kafasita 0.1µF guda 1, da 10µF 35V guda 2
- Diyod 1N4007 guda 2
- Ƙwan LED, makunni, fiyus 500mA mai jinkirin tsinkewa da gidansa
- Ƙaramar mita mai nuna bolt da amfiya
- Allon bero, dalma, waya ja da baƙa, da akwati

Wanda ke Legas zai samu waɗannan a rumfunan kayan gyara na kasuwar Alaba da ke Ojo. A sauran garuruwa, ka tambayi mai gyaran talabijin na unguwa inda yake sayen nasa. Ka tafi da lambobin a rubuce, don mai shago lamba ya sani.

Idan ba a samu bolum na 2k ba, sayi na 5k, ka haɗa rezista 3.3k a gefensa, ƙafa da ƙafa. Su biyun za su ba ka kusan 2k.

Lissafin da ya kamata ka sani

Na farko: bolt 15 da aka rubuta a jikin taransifoma ba shi za ka gani a kan kafasita ba. Kafasita tana cika ne har ƙololuwar wutar, wato 15 sau 1.414, kusan 21. Birij ya ci kusan 1.4, saura wajen bolt 20. Shi ya sa kafasita mai 16V ba za ta yi ba, fashewa za ta yi.

Nan ne mutane ke faɗawa rami da taransifoma mai waya uku, irin 12-0-12. Idan ka ɗauki wayoyin gefe biyu, bolt 24 ka ɗauka, kuma zai haura 32 a kan kafasita. Idan 12 kake so, ta tsakiya da ta gefe ɗaya za ka ɗauka.

Na biyu: yadda LM317 ke tsayar da wuta. Kullum tana riƙe bolt 1.25 tsakanin ƙafarta ta fita da ƙafarta ta saiti. Rezista biyu ne ke faɗa mata inda za ta tsaya:

Wutar fita = 1.25 × (1 + R2 ÷ R1)

R1 ita ce om 220, R2 kuma bolum. Idan bolum na kan sifili, 1.25 za ka samu. A om 660, bolt 5 kenan. A om 2,000, kusan 12.6. Kar ka ƙara girman R1 ya wuce om 240, domin LM317 na buƙatar a riƙa jan 'yar wuta kaɗan daga gare ta ko da ba a jona komai ba. In ba haka ba, wutar fita za ta iya haurawa da kanta.

Na uku: regileta na son wutar da ke shigar mata ta fi wadda ke fita da kusan bolt 3. Kuma idan kana jan amfiya 1, wutar kan kafasita 4700µF tana tangaɗi da kusan bolt 2. Ka ga 20 a cire 2, a cire 3, saura 15, akwai sarari kenan sama da 12. Amma ranar da NEPA ta kawo wuta mara ƙarfi, a ce 190, taransifomar za ta ba da wajen 12.4 ne, kuma bayan an cire duk waɗancan, abin da za ka iya dogaro da shi bai wuce 11 ba. To idan ka ga 12 ta ƙi tsayawa da yamma, kafin ka zargi regileta, auna soket tukuna.

Yadda ake jonawa

Riƙe LM317T rubutun yana kallonka, ƙafafun suna ƙasa. Ta hagu ita ce ta saiti, ADJ. Ta tsakiya ita ce fita, OUT. Ta dama ita ce shiga, IN. A kula, ba ɗaya suke da 7805 ko 7812 ba, waɗanda ta hagu ce shiga, ta tsakiya kuma layin −. Hannun da ya saba da waɗancan shi ya fi yin kuskure a nan.

1. Wayar wuta ta filogi ta bi ta fiyus, ta bi ta makunni, sannan ta shiga taransifoma.
2. Wayoyin 15V biyu su shiga ƙafafun birij masu alamar ~.
3. Daga + da − na birij, jona kafasita 4700µF. Gefen da ke da zane a jikinta shi ne −.
4. A gefenta, jona LED da rezista 2.2k a jere. Suna nuna akwai wuta, suna kuma zuƙe cajin kafasita bayan an kashe.
5. Layin + ya tafi IN. Sa 0.1µF tsakanin IN da layin −, dab da regileta.
6. Rezista om 220 tsakanin OUT da ADJ. Ka manna ta a kan ƙafar regiletar, kar ka ja mata doguwar waya.
7. Bolum tsakanin ADJ da layin −. Haɗe ƙafarsa ta tsakiya da ta gefe ɗaya. Amfanin haka, ranar da cikinsa ya saki, wutar ba za ta wuce 12.6 ba. Ba don haka ba, kusan duk abin da ke kan kafasita zai zubo wa kayan da kake gwadawa.
8. Kafasita 10µF ɗaya tsakanin ADJ da layin −, ɗayar tsakanin OUT da layin −.
9. Diyod 1N4007 ɗaya daga OUT zuwa IN, zoben jikinsa na kallon IN. Ɗayan daga ADJ zuwa OUT, zoben na kallon OUT. Su ke hana caji komowa baya ya kashe regileta.
10. Daga OUT da layin −, bi ta mita zuwa wayoyin fita, ja da baƙa.

Zafi: inda akasarin haɗin ke mutuwa

LM317 ba ta ajiye rarar wuta, ƙona ta take yi ta zama zafi. Lissafinsa: wutar shiga a cire wutar fita, a ninka da amfiyar da ake ja.

Idan kana ba da bolt 12 a amfiya 1, 20 a cire 12 sau 1, wat 8 kenan. Idan ka sauke zuwa bolt 5 a amfiya 1 ɗin dai, wat 15. Wato abin da mutane ba su zata ba: ƙaramar wuta ta fi babba wahalar da ita. Kuma ba tare da hitsink ba, ko wat 2 ba za ta ɗauka ba a ɗaki mai zafi, don cikinta bai kamata ya wuce digiri 125 ba.

Saboda haka amfiya 1.5 da ake faɗa, da sharaɗi ne. Nemo babban hitsink, irin na tsohuwar kwamfuta ko amfilifaya, ka shafa farin man nan da ake sa wa furosesa, ka ɗaure da noti sosai. In da hali ƙara ƙaramar fanka, ka kuma huda akwatin sama da ƙasa. A ƙasa da bolt 6, ka yi ƙoƙari kar ka wuce rabin amfiya na tsawon lokaci.

Wani abin lura: ƙarfen bayan LM317T a haɗe yake da ƙafar OUT. Duk hitsink ɗin da ka ɗaure ta a kai, wutar fita na jikinsa. Idan ya taɓa akwatin ƙarfe da ke haɗe da layin −, ka haɗa wuta kenan. Ko dai ka sa takardar maika da wosha na roba a tsakani, ko ka raba hitsink da jikin akwati.

Gwaji kafin aiki

Kafin ka sa regileta, kunna ka auna kan babbar kafasita. Ya kamata ka ga 20 zuwa 22. Kashe, jira LED ya mutu, sannan ka ƙarasa haɗin. Sake kunnawa ba tare da ka jona komai ba, murɗa bolum daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ka ga ko tana tafiya daga 1.25 zuwa wajen 12.6. Bayan haka saita ta a 12, ka jona ƙwan mota na wat 10, wanda ke jan wajen amfiya 0.8. Bar shi minti goma kana duban mita. Idan wutar ta tsaya, haɗi ya yi.

Idan ta maƙale a 1.25, ADJ ta taɓa layin − ko an juya kafasitar wurin. Idan ta maƙale a sama, ko wayar bolum ta tsinke, ko regileta ta mutu. Idan tana aiki sai ta faɗi bayan 'yan mintuna, ta dawo in ta huce, zafi ne. Idan lasifika na gurnani, babbar kafasita ta yi ƙanƙanta ko ta bushe. Idan kuma komai daidai ne amma ta kasa ɗaukar ko rabin amfiya, to ƙila jabu ka saya, sauya daga wani shagon.

Abin da ba za ta yi ba

Wannan haɗin ƙarfin wuta yake saitawa, ba ya ba ka damar ƙayyade amfiya. Kariyar da ke cikin LM317 kanta take karewa, sai an haura amfiya 1.5 take kamawa, kuma wannan ya isa ya ƙona allon waya. Mai gyaran waya da ke neman inda allo ya haɗe, gara ya sayi wadda ke da saitin amfiya.

Haka nan kar ka yi cajin batirin lithium da ita kai tsaye. Batirin lithium na gama-gari a bolt 4.2 yake cika, in aka zarce yana kumbura, har ya kama da wuta. Mai son amfiya da yawa kuma, akwai LM350 mai 3 da LM338 mai 5, amma sai an ƙara girman taransifoma, birij da hitsink gaba ɗaya.

Kiyaye rai

Ɓangaren 230V yana kisa. Rufe duk mahaɗar da ke wurin da robar da ke tsukewa da zafi, kar ka bar tagulla a waje. Idan akwatin ƙarfe ne, yi amfani da filogi mai ƙafa uku, ka ɗaure wayar ƙasa a jikin akwatin. Kar ka taɓa cikinsa filogi na soket, ko da an ɗauke wuta, don ba sallama take yi ba in za ta dawo. Fiyus ya tsinke, nemi dalili, kar ka naɗa masa waya. A nan Kudu kuma akwai laima, musamman da damina: ɗaga na'urar daga ƙasa, ka sa takalmi, hannunka a bushe.

Ga ɗan koyo, akwai hanya mafi sauƙi: ajiye taransifoma, birij da fiyus, ka nemo tsohuwar cajar laftof mai kyau ta bolt 19, ka shigar da wutarta kai tsaye a IN. Sauran haɗin duk ɗaya ne, lissafin zafi ma kusan haka yake, kuma hannunka bai je kusa da wutar NEPA ba. Irin wannan cajar ma ta fi taransifoma jure wuta mara ƙarfi, domin akasarinsu an yi su ne su karɓi daga 100 zuwa 240. Idan ka ƙware a wannan, sai ka koma mai taransifoma, maigidanka na tsaye a kanka ranar da za ka fara kunnawa. Allah ya ba da sa'a.