Lambobin 'Yan Mazan Jiya, Daga Kwango Zuwa Darfur

A da'irar soja kowa ya san lambar yabo kashi biyu ce: babba, wadda ake maƙala wa mutum a filin fareti, da 'yar ƙaramarta mai kusan rabin girmanta, wadda hafsoshi ke sawa a rigar liyafar dare. Babbar ba shi ake yi. Ƙaramar kuwa galibi da kuɗinsa yake saye.

Tarihin zuwan sojojin Najeriya aikin wanzar da zaman lafiya ya faro a 1960, shekarar samun 'yancin kai, lokacin da Najeriya ta tura sojoji da 'yan sanda Kwango ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. Murtala Muhammed da Obasanjo duk sun je, Aguiyi-Ironsi har ya shugabanci rundunar baki ɗaya a 1964. A lokacin Jega da Aliero da Maiyama, garuruwan Kebbi ta yau, suna cikin Lardin Sakkwato, don sai 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Bayan Kwango aka je Labanan daga 1978, sannan Laberiya a 1990 da Saliyo ƙarƙashin rundunar ECOMOG ta Afirka ta Yamma, wadda ke da lambarta daban. Daga baya Darfur, inda Janar Martin Luther Agwai ya riƙe rundunar haɗin gwiwa daga 2007.

Lambar Majalisar ta tagulla ce, tambarin duniya a gaba, kuma yawanci sai soja ya yi kwana 90 a bakin aiki yake cancanta. Ƙarfen kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ƙyallen da ke riƙe da shi ne ke faɗin ƙasar da aka je, shi ya sa tsohon soja kan karanta ƙirjin ɗan'uwansa kafin su gama gaisawa.

A Kebbi, Zuru ce ta yi suna da soja. Jega da kasuwa aka san ta, Aliero da albasa da ɗori. Amma ɗan mazan jiya a nan ma ba baƙo ba ne.

Masu tara irin waɗannan kaya a Turai sun san inda gizo ke saƙa: lambar Majalisar ba ta zuwa da sunan mai ita, ƙaramar kuwa kowa na iya saye. Takardar shaida, hoton fareti da takardar sallama su ne ke ba ta daraja. Duk wanda ya gaji irin wannan lamba, ya ajiye ta wuri ɗaya da takardunta, ya kuma rubuta sunan mai ita da shekarar da ya tafi.