Kula da Ƙyauren Garejin Gida a Birnin Katsina

A unguwannin birnin Katsina, kamar Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa, akasarin ƙyamaren gareji na ƙarfe ne, ƙirar masu walda. Ƙurar hunturu kan toshe layin da tayar ƙyaure ke bi, ruwan damina kuwa, musamman na watan Agusta, yakan sa tsatsa ta cinye shi daga ƙasa.

Muna shawartar magidanta su kankare tsatsa, su shafa fenti tun watan Mayu, su riƙa sanya giris a sakata da wuraren juyawa. Idan ginshiƙi ya tsage ko ƙyaure ya rinjaya, a kira mai walda da magini nan take, domin nauyinsa na iya halaka yaro. Wanda gindinsa ya ruɓe kuwa, faci ɓarnar kuɗi ne, a sauya shi.