Bafulatani ko Mai Gaskiya? Takaddamar Asali da Martabar Muhammadu Buhari a Ƙasar Gaya

Tsakure

Maƙalar ta nazarci ra'ayoyi uku masu karo da juna game da asalin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari (1942 zuwa 2025), ta auna su da tarihin ƙasar Gaya da Ajingi, inda garin Toranke yake. An dogara ne da jawaban 'yan siyasa da alƙaluman hukumar zaɓe ta INEC. An gano cewa zancen ƙabila bai isa ya bayyana farin jinin shugaban ba, balle dusashewarsa.

Ra'ayoyin da ake tafkawa

Ra'ayi na farko ya fi ƙarfi a kudancin Nijeriya. A watan Mayun 2019 tsohon Shugaba Olusegun Obasanjo ya yi gargaɗin cewa akwai yunƙurin mayar da Afirka ta Yamma ƙarƙashin Fulani da Musulunci. Makonni kaɗan bayan haka aka yi ca a kan shirin RUGA na tsugunar da makiyaya, har gwamnati ta dakatar da shi a watan Yuli. A idon masu wannan ra'ayi, Buhari Bafulatani ne mai kare 'yan'uwansa.

Na biyu shi ne na talakan Kano, wanda ya kira shi Mai Gaskiya tun takararsa ta farko a jam'iyyar ANPP a 2003, ya bi shi CPC a 2011, ya sake binsa APC. A 2015 Jihar Kano ta ba shi ƙuri'a 1,903,999, a 2019 kuma 1,464,768. Na uku sabo ne: masu kiran kansu Hausa zalla a Facebook da TikTok, waɗanda ta'asar 'yan bindiga a Zamfara da Katsina ta sa suke ɗora laifin a kan Fulani baki ɗaya.

Ma'aunin ƙasar Gaya

Gaya ta cancanci zama ma'auni. Tarihin baka ya nuna daga nan ne Abagayawa maƙera suka tashi suka zauna a gindin Dala, don haka tushen Hausancinta ba abin gardama ba ne. Amma bayan jihadin 1804 da faɗuwar Sarkin Kano Alwali, sarauta ta koma hannun Fulani, aka shiga auratayya. Yau a Toranke da ƙauyukan Ajingi manomi da makiyayi kasuwa ɗaya suke ci, sahu ɗaya suke bi a masallaci. Saɓani a kan burtali da ɓarnar gona yana faruwa lokacin kaka, kuma bai kamata a raina shi ba, sai dai a gaban mai unguwa da dagaci da arɗo ake fara kai shi.

Siyasar Kano ma ta daɗe da zaɓar wani layin rabo. Tun kafa jam'iyyar NEPU a 1950 ake magana a kan talaka da mai mulki, kuma Malam Aminu Kano, jagoran talakawan, shi kansa Bafulatani ne. A wannan gurbi masu zaɓe suka ajiye Buhari: sojan da ya yi Yaƙi da Rashin Ɗa'a a 1984, ya shugabanci hukumar PTF, ba a san shi da tara dukiya ba. Abin takaici ne yadda masu sharhi daga nesa suke tsallake wannan tarihi.

Abin da ya rage masa kwarjini

Rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, tsadar abinci da taki, da ƙarancin takardun naira a farkon 2023 sun taɓa kowane gida, ba su tambayi asalin kowa ba. Mai tallar nono da mai sayar da gero tare suka rasa ciniki. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ɗan takarar APC, jam'iyyar Buhari, ya samu ƙuri'a 517,341 kacal a Kano, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya samu 997,279. Farin jinin Kwankwaso a gida yana da nasa kaso a wannan sakamako, amma alƙaluman sun fi dacewa da fushin mai fama da tsadar rayuwa fiye da rabuwar Hausa da Fulani.