Jeren Kwanuka Daga Kano Zuwa Umdurman: Tarihin Fataucinmu a Jikin Bango

A duk shekara idan ranar kafuwar ƙungiyarmu ta zagayo, mukan tuna da iyayenmu maza da suka buɗe mana hanya. Bana kuwa mun ga ya dace mu leƙa ɗakunan iyayenmu mata, domin rabin tarihin fataucinmu yana jere a bangonsu.

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Bahaushiya a Umdurman ko Hartum kafin yaƙi, ya san abin da muke nufi. Kana ɗaga labule za ka yi arba da kwanuka da langa-langa da fanteka, an ɗora ƙarami kan babba har kusa da rufi, ga faifai masu launi rataye a gefe. Sai ka rantse a Fagge kake, ko a Zangon Damagaram.

Yadda jeren nan ya kai bakin kogin Nilu tarihi ne na ƙafa. Tun da daɗewa alhazanmu ke bin hanyar gabas: Kano, Barno, Wadai, Darfur, Kurdufan, sannan Sawakin a tsallaka teku zuwa Jidda. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Jirgin ƙasa ya isa Al-Ubayyid a 1912, aka kammala madatsar Sinnar a 1925, noman auduga a Jazira ya buɗe. Maniyyata da yawa suka tsaya neman guzuri, shekara ta zama goma, aka yi aure, aka haihu. Mutanen ƙasar suka kira mu Fallata ko Takari. Inda kuwa aka aurar da 'yar Hausa, dole a yi mata jere.

Jeren farko na ƙorai ne, ƙwarya da masaki da ludayi, marasa nauyi, masu daɗin ɗauka a kan jaki. Masu hali sukan ƙara da tasoshin tagulla, irin na Bida. Daga baya kamfanonin Turawa suka shigo da kwanon ƙarfe mai fenti, shi ne ya canza komai. Ba ya fashewa kamar tangaran, sai dai ya ɓantare, kuma ana cusa dozin guda cikin juna ya zama ƙunshi ɗaya. Babu hajar da ta fi wannan dacewa da bayan babbar mota a hanyar Fallomi zuwa Abashe da Jinaina. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kwanukan Hongkong suka mamaye kasuwa, sannan wajen 1960 masu masana'antun can suka zo suka kafa nasu a Ikko, daga baya har Kano. Da yawa daga cikin dattawanmu da kwano suka fara jari.

A Sudan ma ba mu tarar da bango tsirara ba. Mutanen Darfur sun shahara da saƙar murfin abinci da kaba mai rini, wanda Sudanawa ke kira ɗabaƙ, ɗan'uwan faifanmu ne sak, ana rufe tiren abinci da shi, ana kuma rataye shi don ado. A can arewa, Nubawan yankin Wadi Halfa sukan manna farantan tangaran a jikin bangon laka a saman ƙofar gida, yawancinsu tsarabar mazajen da ke aiki a Masar. Mu ma magina a Kano da Zariya sukan dasa tasa a tsakiyar daurin guga. Shi ya sa matanmu da maƙwabtansu suka fahimci juna ba tare da tafinta ba, har ɗakin Bahaushiyar Umdurman ya zama gauraye: langa daga Kano, faifai daga Niyala, farantin tangaran daga Jidda, 'yan kofunan gahawa daga kasuwar Umdurman.

Kada mu ɗauka ado ne kawai. Jere mallakar mace ne, iyayenta suka yi mata, ta ƙara da kuɗin adashi da ribar ƙosai ko gyaɗa. Miji ba ya taɓawa sai da yardarta. Ranar da ciwo ya zo, ko kuɗin makaranta, ko kaya suka maƙale a kan iyaka, sai ta sauke saiti guda a kai kasuwa. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: akwai 'yan kasuwa a cikinmu da suka karye, jeren uwa ko na mata ne ya tashe su. Kuma tun 'ya tana goye uwa ke fara tara mata nata, saboda haka kwanon da muka sayar yau, sai bayan shekara goma sha biyar zai hau bango.

Zamani ya juya. Tangaran da gilashi da kuloli sun ture kwano, jere ya sauka daga bango ya shiga kwaba mai madubi. Amma babban rashi ya zo ne ranar 15 ga Afrilu, 2023, da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu. An wawashe gidaje da shaguna a Hartum da Umdurman, har gidan tarihi na ƙasa bai tsira ba. Wadda ta gudu da yara a hannu ba ta ɗauki fanteka ba. Abin da aka tara cikin shekara arba'in ya tafi a yini guda. Nubawan Halfa sun ɗanɗani irin wannan a 1964, lokacin da ruwan madatsar Aswan ya sa aka kwashe su zuwa Hashmul Girba, gidajen da bangonsu suka nutse. Abin da aka rubuta ko aka ɗauka a hoto shi ne ya rage.

Don haka muke roƙon abu biyu. Na farko, duk wanda mahaifiyarsa ko kakarsa ke da sauran jere, a Kano ne, Maraɗi, Injamena ko Gadarif, ya ɗauki hotonsa, ya kifa kowane kwano ya duba tambarin ƙasar da ta ƙera shi, ya tambayi Hajiya wa ya kawo shi, ta wace hanya, a wace shekara. Ku miƙa wa sakatare, mu haɗa kundi. Na biyu, 'yan'uwanmu sun fara komawa gidajensu a Umdurman, suna tarar da ɗaki wayam, ga 'yan mata sun isa aure. Masu harkar kayan ɗaki a cikinmu su sassauta farashi, su ba da bashi inda amana ta tabbata. Iyayensu mata sun daɗe suna ciniki da mu.

Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar wa kowa da alherin abin da ya rasa, ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka. Amin.